Takin Da Ya Iso Bayan Masara Ta Yi Goyo

Duk shekara, da zarar hadari ya fara haɗowa a Arewa, mu nan Legas mukan sani tun kafin a faɗa a rediyo. Layin mai POS ne yake gaya mana. A bakin kasuwar Mile 12, inda na daɗe ina riƙe wa 'yan gwari lissafi, sai ka ga ɗan dako ya sauke kwando, ya share gumi da gefen riga, ya zaro kuɗin da ya ƙulle a leda ya miƙa, yana karanto lambar asusun wani mai shago na ƙauyensu. Bayansa mai gadi ne da ya taso tun daga Ikeja, sai mai shayi, sai mai tura kurar ruwa a Ketu, sai yaro mai yankan farce. Duk wanda ka tambaya amsarsa ba ta wuce uku: kuɗin huɗa, kuɗin iri, kuɗin taki.

Bara waccan ƙanena ya kira ni da sassafe, ina tsaye bayan tirela ina ƙirga kwanduna.

"Yaya, an yi ruwan shuka jiya da daddare. Ƙasa ta jiƙu sosai."

Na ce alhamdu lillahi, to ina labarin takin da aka rubuta sunayenku?

"Wallahi Yaya shiru kake ji. Mun ba da hoto, mun ba da lambar waya, har kuɗin fom mun biya. Cewa aka yi mu jira."

Na tura masa abin da ya sawwaƙa. Ya sayi buhu ɗaya da 'yan tiyoyi a kasuwa, ya barbaɗa wa gonar da ke cin buhu huɗu. Takin alkawari kuwa ya zo, ban ce bai zo ba. Cikin watan Agusta ya iso, masara ta riga ta yi goyo, aka ce mutum uku su raba buhu guda. Ya karɓi kasonsa ya sayar wa mai shago, ya saya wa yara maganin zazzaɓi. A takarda dai an tallafa masa, sunansa na cikin adadin da za a karanta a taro.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Babban bankin ƙaramin manomi a ƙasar nan shi ne ɗan'uwansa da ke ci-rani. Guminsa ne ke sayen taki, shi ne ke fansar gonar da aka jinginar, shi ne ke biyan mai garma. Kuɗinsa kaɗan ne, amma yana isa a ranar da ake buƙata, kuma yana shiga hannun wanda aka nufa. Waɗannan abubuwa biyu, lokaci da hannu, su ne gwamnatocinmu suka kasa riƙewa duk da ɗimbin kuɗin da suka zuba, kuma muddin ba a gyara su ba, ƙara yawan kuɗin ba zai kai taki gona ba.

Ba na cikin masu cewa ba a taɓa yin komai ba. An yi. A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan gona, an fito da tsarin da manomi ke samun saƙo a wayarsa, ya je wurin dila ya karɓi buhu biyu na taki a rabin kuɗi. Tsarin yana da nasa ciwon: ƙauyuka da yawa babu sabis, wasu ba su da waya, daga baya kuma gwamnati ta tara bashin dilolin har suka ja baya. Duk da haka na san dattawa a yankinmu na Kura da Garun Malam da suka ce a rayuwarsu wannan ne karon farko da takin gwamnati ya zo musu ba ta ƙofar ɗan siyasa ba. Maimakon a ɗinke inda ya yage, da gwamnati ta sauya sai aka bar shi ya mutu. Aka zo da shirin haɗa taki a gida da sinadarin da ake kawowa daga Maroko, aka sa buhu naira 5,500. Yau duk wanda ya je kasuwa ya san buhu ya ninka wannan sau da yawa.

Sai babban cikinsu, shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Najeriya, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Kebbi cikin Nuwamban 2015. Tunanin da ke bayansa mai kyau ne. A ba ƙaramin manomi iri da taki da maganin feshi bashi, a haɗa shi da kamfanin da zai sayi amfanin, ya biya da shinkafar da ya noma. Kuɗin da aka fitar sun haura naira tiriliyan 1. Shinkafa ta ƙaru, ba mai musun wannan, masana'antun casa suka yawaita a Kano da Kebbi, har aka jera dalar shinkafa a Abuja cikin Janairun 2022. Amma da aka zo maganar biya, sai lissafi ya ƙi fita. A farkon 2023 shi kansa bankin abin da ya ce an dawo masa da shi rabi ne da ɗan ɗoriya. Da sabon shugabanci ya zo bankin a ƙarshen 2023, sai ya ce ya janye hannu daga irin wannan ba da rance kai tsaye.

Tun daga nan nake jin magana ɗaya a bakin masu sharhi, har da wasu 'yan'uwanmu da suka yi boko: wai manomin Arewa ba ya biyan bashi. Maganar tana yi mini ciwo, domin littafin da ke hannuna yana ƙaryata ta. Akwai waɗanda suka karɓa suka ce rabonsu ne na arzikin ƙasa, suka sayi babur ko suka ƙara aure. Na san wasunsu, kuma abin da suka yi zalunci ne, domin sun toshe ƙofa ga na bayansu. Amma a tambaya a ji su wa aka rubuta tun farko. Mutum nawa ne a jerin sunayen nan da ba su taɓa riƙe fartanya ba, manoman takarda, waɗanda gonarsu ke cikin jakar shugaban ƙungiya? Mutum nawa aka kawo wa irin da bai tsiro ba, ko injin ban-ruwan da aka ƙiyasta masa fiye da kuɗinsa na kasuwa, aka ce ya sa hannu? Mutum nawa ambaliyar 2022 ta shafe wa gona, aka ce akwai inshora a cikin bashin, amma bai ga wanda ya zo ya duba ɓarnar ba? Kuma wa ya tsaya a dandali lokacin kamfe yana nuna wa jama'a cewa wannan alheri ne daga jam'iyya? Idan ka miƙa wa mutum abu da hannun dama kana cewa bashi ne, hannun hagu kuma yana nuna masa akwatin zaɓe, kai ka lalata bashin tun kafin ya karɓa.

Shi wannan manomin da ake zargi, mu muna ba shi bashi a kasuwa kowace shekara. Ubangidana yakan tura wa manoman tumatir kuɗi tun watan Oktoba, lokacin da ake zuba iri a bedi, babu takardar gona, babu lauya, sai shaidar mutum biyu da kiran waya. Idan kaya suka nuna a Janairu ko Fabrairu, su loda su aiko, a cire bashi a tura musu saura. Wanda sharon ta cinye wa gona, wato tsutsar nan da ta yi wa tumatir ɗin Kano da Kaduna kaca-kaca a 2016 kuma har yau takan dawo, akan ɗaga masa zuwa baɗi. Waɗanda suka gudu da kuɗin Alhaji a duk shekarun da na yi ina rubutu, zan iya ƙirga su da yatsun hannu. Dalili a fili yake: mai ba da bashin ya san gonar, ya san uban mai gonar, kuma manomin ya san idan ya ci amana bana, baɗi ba shi da wurin zuwa.

Ba kuma zan wanke mu tas ba. Wannan bashi namu yana da ƙaya. Wanda ka ba kuɗin taki ba shi da bakin yi maka gardamar farashi, duk yadda ka ce an sayar a Legas haka zai karɓa, ga la'ada, ga kuɗin mota, ga na 'yan dako, ga asarar abin da ya ruɓe a hanya, duk a wuyansa. A ƙauye kuma akwai ba-da-kaka, inda mai hali zai ba ka kuɗi da bazara ya karɓi buhu da kaka a farashin da shi ya yanka. Malamai sun sha yin wa'azi a kai. Manomi ya san ana cutarsa, amma yana komawa, saboda mai ba-da-kaka yana buɗe ƙofa ranar da aka yi ruwan shuka. A nan ne tallafin hukuma ya kamata ya shigo, ya ba talaka wata ƙofa ta biyu da zai ƙwanƙwasa, ta yadda ko mu 'yan kasuwa dole mu sassauta.

Abin da nake nema ba sabon shiri mai sabon suna ba ne, mun gaji da sunaye. A sa wa tallafi ranar da doka ta san da ita: na damina ya isa hannun manomi kafin ƙarshen Afrilu, na noman rani kafin ƙarshen Oktoba, wanda ya wuce haka a ajiye shi sai baɗi, kada a yi bikin rabon abin da ba shi da sauran amfani. A kafe sunayen waɗanda za su karɓa a ƙofar dagaci, a karanta su da ƙarfi bayan sallar Juma'a, domin a ƙauye babu wanda bai san mai gona da marar gona ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sannan a raba bashi da kyauta a fili. Bazawarar da ke noma ƙaramar gonar marayu kyauta ta dace da ita, a ba ta a ce kyauta ce. Mai kadada biyar a ba shi bashi, a gaya masa bashi ne, a zo karɓa.

Ni a ganina ma mafi yawan kuɗin bai kamata ya bi ta buhu ba, domin buhu yana da ƙafa. A zuba shi a abin da ba ya ɗaukuwa a kai a gudu da shi. Magudanan ruwan da ke tasowa daga madatsar Tiga zuwa Kadawa, idan aka yashe su a kan kari aka gyara inda suka fashe, kowane mai fili a layin ya amfana ba tare da ya san kowa a ofis ba. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta taɓa haura 1,000, mai noman fadama da injin ban-ruwa ya shiga uku. Na san waɗanda suka rage fili zuwa rabi don ba za su iya shayar da shi ba. Injin mai aiki da hasken rana, a ba mutum biyar su haɗu su biya a hankali, ya fi musu buhun taki goma. A 2024 kwandon tumatir ya haura naira 100,000 a nan Legas, matan da ke saye suna ta yi mana faɗa kamar mu muka ɓoye shi. Tsadar daga gona ta taso, daga tankin injin da babu mai da ganyen da tsutsa ta cinye.

A shekarar ce kuma, da tsadar abinci ta kai intaha, gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Mai saye ya ɗan numfasa, ni ma da iyalina mun ji sauƙi, ba zan ɓoye ba. Sai dai wanda ya sayi taki da tsada ya noma masara, da ya kai kasuwa ya tarar farashi ya faɗi ƙasa da abin da ya kashe. Hukuma ɗaya ce ta ce masa ya koma gona, ita ce kuma ta buɗe ƙofa ba tare da ta tanadi sayen nasa a farashin da zai fitar da shi ba.

Na makiyayi ya fi wannan muni, don shi ko layin jira ba a sa shi. Ina da wani dattijo Bafulatani da nake zuwa gaisarwa a Agege, kusa da mayankar Oko-Oba, ya tsufa a harkar shanu tsakanin Potiskum da Legas. Wata rana na ce masa, Baffa, ku wane tallafi kuke samu? Ya dube ni ya ce, "Ɗana, muna yara malamin dabbobi yakan zo har ruga da allura, ya huda kunnen maraƙi ya tafi. Yanzu saniya ta kamu da ciwon huhu sai ka sayi magani a kasuwa a kan tabarma, ba ka san na gaske ba ne ko na jabu." Abin da yake tunawa gaskiya ne. Da irin wannan allurar gida-gida aka yaƙi cutar shanun nan ta bushiya har aka bayyana kawar da ita daga duniya a 2011, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin rigakafi tun zamanin Turawa. Ilimin yana nan, ma'aikacin da zai hau babur ya kai shi ruga ne babu.

Dokar 1965 ta Jihar Arewa ta tanadi wuraren kiwo, kuma waɗanda aka ware a ƙasar nan sun haura 400, amma akasarinsu ba a tabbatar da su a doka ba. Gonaki da gine-gine sun cinye su, burtali ya toshe, mashaya ta zama lambu. A 2019 aka zo da shirin Ruga na kafa wa makiyaya matsugunai, hayaniya ta tashi, aka dakatar da shi. A 2021 gwamnonin Kudu suka haɗu a Asaba suka ce a daina kiwon sake, Legas ma ta sa hannu a tata dokar cikin Satumban wannan shekara. Ba na ganin laifin wanda ya ce kada saniya ta shiga gonarsa, ni ɗan manomi ne, na san zafin wayar gari ka ga an kwantar maka da dawa. Amma killace shanu kuɗi yake ci: fili, rijiyar burtsatse, harawa, dusa, magani. Mai shanu ashirin da ba shi da takardar fili ko ta taku ɗaya, wane banki ne zai saurare shi? An ce masa ya daina yawo, ba a nuna masa inda zai tsaya ba. Yanzu an kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya tun 2024, kuma na yi murna da haka. Ma'aunin da zan auna ta da shi ɗaya ne: ko wannan mai shanu ashirin zai ga ruwa da allura, ko kuwa kuɗin zai ƙare a manyan gonakin waɗanda dama suna da hanyar banki.

Kada a manta da matan cikin gida. Ragunan da ke cika kasuwannin Legas gab da Babbar Sallah, da yawansu mata ne suka yi kiwonsu a bayan ɗaki da dusa da ƙaiƙayi da harawar wake. Innarmu da kuɗin adashi take sayen ɗan rago bayan Sallah, ta yi wata tara tana ɗawainiya da shi. Shekarar da cuta ta shigo garin ta kashe mata raguna biyu cikin uku, allurar da ba ta kai kuɗin kwanon dusa ba ce ta rasa. Ban taɓa jin an rubuta sunanta a wani shiri ba.

Duk wannan kuma sai da zaman lafiya. A sassan Zamfara da Katsina da Neja akwai garuruwan da sai an biya 'yan bindiga kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Wanda aka kora daga gonarsa, ko taki ya zo masa a Afrilu ba shi da inda zai zuba.

Wani zai ce me ya haɗa Legas da wannan, ai matsalar Arewa ce. A tuna ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsayar da lodi zuwa Kudu. 'Yan kwanaki kaɗan aka yi, amma na ga Mile 12 wayam kamar an share, nama ya yi tsada, can gida kuma tumatir yana ruɓewa a bakin gona babu mai saye. Kowa ya ji a jikinsa, mu da muke tsakiya muka fi kowa. Tukunyar Legas a gonar Arewa take dahuwa, kuɗin Arewa kuma a kasuwar Legas yake. Gwamnatin jihar nan ta taɓa gane haka, lokacin da gwamnan Legas Akinwunmi Ambode da na Kebbi Atiku Bagudu suka haɗa hannu suka fito da shinkafar Lake Rice a 2016. Ga kuma katafariyar masana'antar casa da aka buɗe a Imota a 2023, wadda ba za ta yi aiki ba sai da shanshera daga gonakin wasu jihohi. Jihar da ke da irin wannan buƙata, kuma ta fi kowace jiha samun kuɗin shiga, ba sadaka ta yi ba idan ta sa kuɗinta a kwandunan roba da za su maye gurbin na kaba, waɗanda ake jibga wani kan wani har na ƙasa ya zama ruwa kafin a wuce Jebba. Haka idan ta haɗa kai da jihohin hanya aka rage shingayen karɓar kuɗi da direba ke bi tun daga Mokwa har Ogbomosho, domin kowace naira da ya miƙa ta taga, daga kuɗin manomi ake cire ta.

Akwai kuma abin da ba a lissafa ba lokacin da aka hana acaɓa a manyan sassan Legas, a 2020 sannan a 2022. Hukuma tana da hujjarta ta haɗurra da tsaro. Amma kowane babur da aka kama aka murƙushe, wata gona ce a Jigawa ko Yobe ko Sakkwato da ta rasa mai aiko mata da kuɗin taki. Layin mai POS na watan Mayu ya rage tsawo tun daga lokacin, na gani da idona.

Mu ma mazauna nan muna da abin yi. Muna da sarakunan Hausawa a unguwanni, muna da ƙungiyoyin kasuwa masu rajista da ke karɓar kuɗi a kan kowace mota. Littattafanmu sun san wane ne ya aiko da kwando nawa daga wane gari shekara goma a jere, shaidar da babu bankin da ke da irinta. Me zai hana shugabanninmu su ɗauki wannan shaida su tsaya wa manoman nan a gaban Bankin Manoma, da sharaɗin kuɗin ya faɗa wayar manomin kai tsaye, ba aljihun dillali ba? Na faɗi haka a taronmu, wasu suka gyaɗa kai, wasu suka ɓata rai don sun san abin da zai rage musu.

Makon jiya ƙanen nawa ya sake kira. Ya jinginar da rabin gonar da mahaifinmu ya bari, ya shuka gero a sauran, don gero ya fi haƙuri da rashin taki.

"Yaya, idan an yi girbi ka nema mini wurin kwana a nan wajenku. Ko dako ne zan yi."

Na ce masa ya bari mu ga kaka tukuna.